Rumbun da Hatsinsa Ke Hayin Gulbi

Marka ta zauna mana bana kamar baƙon da bai san sallama ba. Itace ya jiƙe, gishiri ya narke a kwano, katangar bayan gida sai zubar da ƙasa take yi. Da safen nan maƙwabciyarmu ta ɗora ganyen tafasa, ƙamshin ya tsallako mana, sai na aje abin da nake yi na zauna. Ba yunwa nake ji ba, na karya da koko da ƙosai. Damina biyu ce ta faɗo mini a rai, ɗaya ta dauri ina da goyon fari, ɗaya ta kwanan nan, shekarar da aka rufe layukan waya a ƙasar nan tamu. In na tuna ɗaya sai ɗayar ta biyo ta kamar akuya da ɗanta.

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla. Jikata Ramatu ce ke rubutawa, na kuma ce ta sa yadda na faɗa, ban da kwaskwarima.

A wani ƙauye bayan Dauran aka kai ni aure. Shekarar da na haihu ruwa ya ɗauke lokacin da gero ke bununi, abin da aka girbe bai taka kara ya karya ba. Surukina, wanda duk gida ke ce wa Baffa, shi ke riƙe da hatsi. Akwai ƙananan rumbuna da ake ci daga ciki, akwai kuma rumbun tsakiya, ƙato, an yaɓe bakinsa an ɗora masa jinka. A gidan nan mace ba ta leƙa rumbu. Kowace safiya Baffa zai fid da abin da za a daka, mu karɓa, mu yi godiya.

Bazara ta zo da zafin da ko kare ba ya fita. Rijiya ta ja baya, sai mu yi sammako mu tsaya ana kwalfar ruwa mai ƙasa-ƙasa. Fura ta koma farau-farau. Da ruwa ya sauka aka yi shuka, aka shiga noman fari, aka yi maimai, maza na dawowa daga gona suna jan ƙafa, fartanya na neman fin ƙarfinsu. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga baya ya zama labari. Mu mata muka bazu bakin gonaki muna tsinko tafasa da rama da yaɗiya. A dafa, a matse, in an samu ɗan ƙuli-ƙuli a barbaɗa, in ba a samu ba gishiri ya isa. Har dusa mun tankaɗe mun dama. Amma ba wanda ya karaya, domin ko ta ina ka juya a tsakar gida idonka zai sauka kan rumbun tsakiya. In yara sun yi kuka sai a nuna musu shi. Baffa kuwa maganarsa ɗaya ce: ba a taɓa wannan sai marka.

Marka ta zo, aka share ƙasan rumbu na ƙarshe da tsintsiya. Maigidana ya hau rumbun tsakiya, ya ɗage jinka, ya fasa yaɓen. Ina tsaye a ƙasa da masaki a hannu, yaro a baya. Ya leƙa ciki, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya zura hannu ya jawo igiya, an ɗaura mata zangarniyar gero reras, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke cikin rumbun ke nan, sai wani ƙadangare da ya fito a guje.

Baffa na zaune kan buzu, ko gezau.

"Hatsi na nan," in ji shi. "Yana Moriki."

Ashe tun bayan girbi, ranar da mata muka tafi biki Zurmi, ya sa aka loda dammunan a jakuna aka kai wa wani amininsa mai sayar da hatsi ajiya. Ya ce shekarar yunwa ce, wanda ya san kana da shi shi zai roƙe ka, ga gobara, ga ɓarayi. Daga kowane dami ya zari zangarniya ɗaya ya ɗaura, don ya san abin da ya mallaka.

"Kowace ɗaya dami guda ce," ya ce.

Surukata, wadda ban taɓa jin ta mayar masa da magana ba, ta ce, "To Malam, sai mu daka shaidar mu ci."

Tsakaninmu da Moriki akwai gulbi, ya cika ya batse, ruwan ja wur yana tafe da itatuwa. Masu fito da gora suka ce ko nawa za a ba su ba su shiga. Muka zauna jira. Nonona ya tsinke, kukan yaron ya koma kamar na ɗan mage. Kullum sai maigidana ya je bakin ruwa ya kafa kara, ya koma washegari ya duba. Ranar da ruwan ya ɗan ja ya rungumi gora ya haye, ya dawo da abin da kai ɗaya zai iya ɗauka, jiƙe sharkaf. Haka muka daka shi da danshinsa. Warin jiƙaƙƙen geron nan har yau yana hancina.

Baffa bai yi ƙarya ba. Hatsin nasa ne, yana nan kuma, ko tsaba ba ta ɓata ba. Mu ma da muka kusa mutuwa ba ƙarya muka yi ba. Na tsufa ban iya haɗa waɗannan biyun wuri ɗaya ba.

Yaron nan na goye shi ne uban Ramatu. Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, haka muka taras ana yi. Ya girma, ya gaji gona, ya gaji rumbun tsakiya. Allah ya karɓi abinsa shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu, muka dawo Ƙaura da abin da muka iya ɗauka. Ramatu ta rage a hannuna.

Karatun ungozoma take yi a lokacin, irin wanda makarantar na can wani gari, ɗalibi na gida. Malamai su zuba darasi a intanet, ita ta karanta, aikin hannu kuma ta je asibiti ta koya. Saura jarrabawar ƙarshe, bayan kaka. An taɓa ɗaga mata ƙafa sanda muka yi gudu, an kuma gaya mata ba za a sake ba. In ta faɗi, shekarun da ta yi sun bi ruwa.

Tsohuwar kwamfuta ce da ita, ta hannu. Wata rana ta ce za ta kai wa Malam Sanusi, mai gyara a wajen tsohuwar tashar jirgi, ya yi mata wani haɗi. Na ɗauki mayafina. Ba na barin ɗiya ta shiga shagon namiji ita kaɗai, ko da carbi ne a wuyansa.

Ya daɗe yana danne-danne, sannan ya juyo mana da fuskar abin. Wasu 'yan jakunkuna ne rawaya, jere kamar an shanya su.

"Shi ke nan," ya ce. "Duk abin da malamanki sunka zuba can, ga shi nan cikin folda kamar naki. Ba sai kin riƙa shiga shafin makaranta kina lalube ba. In sun ƙara sabo ma, da kanshi zai bayyana."

Na ce, "Malam, littattafan sun shigo ciki ke nan?"

"Suna ciki, Hajiya."

"An kwaso su daga makarantar?"

"A'a, suna can. In ta taɓa wanda take so, sai shi taho."

"To suna ciki ko suna can?"

Ya yi dariya. "Duka biyu, Hajiya. Kwamfutar ce cikinta ƙarami, ba ta ɗauke su duka. Wanga shi ne dabara."

Wani abu ya motsa a raina, ban kama shi ba. Na ɗaga kwamfutar na jinjina, nauyinta na nan yadda muka zo da ita. Ramatu ta ce, "Kaka, don Allah ki aje, ba tiyar gero ba ce."

Tun daga ranar na kafa tabarmata kusa da tata. Dalili kuwa, na ji muryar namiji na fitowa daga ciki. Na samo tsinken tsintsiya ina nuni da shi. Buɗe wancan. Ta buɗe, sai ga zanen cikin mace, ɗa a kwance kai ƙasa, wani mai tabarau na bayani da sanda.

"Wanga ƙaton shi ke koya miki naƙuda?"

"Likita ne, Kaka."

"Sau nawa ya haihu?"

"Ke da kinka haihu tara, zo ki rubuta mini jarrabawar mana."

"Ja'ira. Buɗe na ƙasanshi."

Duk wanda ke da hoto mai motsi sai da na sa ta buɗe, wani ma na sa ta maimaita, don in tabbata ba a cusa wata shashanci a tsakiya ba. Masu rubutu zalla ban damu da su ba, baƙi ba ya lalata tarbiyya. Ta yi ta ƙorafin ina cinye mata data. Ban san mene ne data ba, na dai san ban ci komai ba.

Akwai jaka ɗaya da ba ta makaranta ba. Ramatu ta sa mata suna Gida. Hotunan da ubanta ya ɗauka da wayarsa ne, gona, rijiya, bikin wata ƙanwarsa. A ciki akwai wani mai motsi, yana tsaye jikin rumbun tsakiya bayan an sake yaɓe shi, yana magana da wanda ke riƙe da wayar. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci nakan ce, "Ke, buɗe mini rumbun nan in ga yaɓensa." Sai ta buɗe.

Damina ta yi nisa, gero ya fid da kai bai nuna ba, sai aka wayi gari ba sabis. Aka ce hukuma ce ta rufe saboda mutanen daji. Da farko sai ka ga mutane a titi sun ɗaga waya sama suna zagaye kamar masu neman wata. Daga baya kowa ya jefa tasa aljihu. Aka rufe kasuwannin mako, ta Kasuwar Daji da ta Shinkafi duk ba a ci. Mai ya yi wuya, babura suka ragu, gari ya yi tsit har kana jin kukan kwaɗi da rana. Hatsi ya ɓuya. Wanda ɗansa ke turo masa abin cefane daga wani gari ba shi da hanyar ko da gaishe shi. Na ɗauki kwando na bi bakin hanyar jirgi ina tsinkar tafasa, ni da na ɗauka na gama da ita har abada.

Ramatu kuwa hankalinta kwance. "Su rufe har baɗi," in ji ta. "Karatuna na ciki."

Ta kai kwamfutar caji gidan mai sola, ta dawo ta zauna a rumfa, ana yayyafi. Jakunkunan na nan reras, ko ɗaya ba ta ɓace ba. Ta taɓa ɗaya, wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Ya yi ta juyawa. Ta taɓa wata, haka. Ta taɓa wata.

"Mi ya faru?"

"Ba ya buɗewa."

"Ba ga shi nan ba? Karanta mini wancan."

"Magungunan da mai ciki ba ta sha."

"To ai kin karanta."

"Sunan ne kawai, Kaka. Abin na can."

Ta bi su ɗaya-ɗaya. Can sai ga mai tabarau ya fito da sandarsa. Ta taɓa na ƙasansa, shi ma ya fito. Duk wanda tsinkena ya taɓa nunawa ya buɗe, sauran kuwa sai zobe. Ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka.

"Shisshiginki kaɗai ya rage mini," ta ce.

Ban ji daɗi ba, ban kuma gane ba. Ina kallon jerin sunayen nan sai warin jiƙaƙƙen gero ya bugi hancina, na ga igiyar Baffa a hannun maigidana.

Muka koma wurin Malam Sanusi. Mun same shi ya ture kwamfutoci gefe yana sayar da dafaffiyar gyaɗa a bakin shago. Ya ce wanda aka taɓa buɗewa yakan bar saura a ciki, shi ya sa. Sauran sai da sabis.

"Yaushe za a buɗe?"

"Allah masani, Hajiya."

"Kai ka ce suna ciki."

"Na kuma ce suna can."

Gaskiyarsa, ya faɗa. Ya ce dabara ɗaya ce, a fita jihar zuwa inda layi ke aiki, a sauke su gaba ɗaya, ya nuna mata yadda ake yi. Ya ƙara da cewa ta lura da cikin kwamfutar.

Hanya a lokacin ba abin wasa ba ce. Na ce ƙafarta ƙafata. Muka shiga mota da hantsi, na naɗe kwamfutar a zane na ɗora a cinya. Kowa sai motsa leɓe yake yi yana addu'a. Gonaki na wucewa, gero ya yi kyau, wasu ba mai girbe su. Sojoji su tsayar, a leƙa, a wuce. Mun yi nisa sosai, muna haye wata gada sai duk wayoyin motar suka ɗauki kuka lokaci guda kamar 'yan tsaki. Wata mata a bayana ta dafe baki, saƙon rasuwar yayarta ne ya shigo, an daɗe da yin sadakar bakwai.

A tashar garin da muka sauka mutanenmu ne cike ƙarƙashin itatuwa, kowa da waya a kunne, wani na dariya, wani na salati. Muka samu gefen benci wajen mai caji. Ramatu ta fara saukewa. Wani ɗan layi ke tafiya a hankali, in ya kai ƙarshe ta ce ɗaya ya shigo. Na ce ta nuna mini ta inda yake shigowa, ta ce ta iska. Na duba sama, hadari ne kawai ke haɗuwa.

Ba a kai rabi ba abin ya tsaya.

"Cikin ya cika," ta ce.

"Da mi? Ba kin ce sunaye ne kawai ba?"

Ta shiga dubawa. Sannan ta ce, ba ta kalle ni ba, "Gida ne ya cinye wurin. Masu motsin nan suna da nauyi."

Ta ce ba sai an goge ba. Akwai wata ma'ajiya a can, za ta tura su, sunayensu su zauna a nan kamar yadda na makaranta suka zauna. In akwai sabis, a taɓa su taho. In babu, babu. Direba na ta kiran mutanen Ƙaura, yana cewa shi ba ya bin hanyar nan bayan la'asar.

"Kaka, mi kinka ce?"

Ta san abin da take tambaya, ni ma na sani. Amma a tsakiyar tasha, cikin maza, a gaban ɗiyarsa, da wane baki zan ce a bar mini shi? Abin da ban faɗa ba yana raye.

Na ce, "Mi ya dame ni da hoton rumbu? Tura."

Hannunta ya tsaya a sama.

"Na ce ki tura. Can ɗin dai akwai gara?"

"Babu gara, Kaka."

"Wa ke gadi?"

"Ba kowa. Masu abin ne."

Ban sake tambaya ba, don kowace amsa sai ta ƙara dulmuyar da ni. Layin ya koma tafiya, wannan karon wai fita yake yi, ko da yake ni ban ga bambanci ba. Da ya gama aka ci gaba da shigo da na makaranta, har yayyafi ya fara, direba ya tada mota. Ba duka aka samu ba, ta zaɓi waɗanda ta fi tsoro. Na karɓi kwamfutar na jinjina. An fitar, an shigar, nauyinta bai canja ba. A kan gadar nan wayoyi suka sake mutuwa.

Ta yi karatu har gero ya nuna, muka gasa tumu, tuwon sabon hatsi ya dawo. Juma'a ta riƙa zuwa tana wucewa, ban ce a buɗe mini komai ba. Sau ɗaya tana wanka na ɗaga murfin, na gane jakar da wurin zamanta, can ƙasa ta hagu. Na sa yatsa. Zoben ya fito yana juyawa, na rufe.

Ramatu ta ci jarrabawarta. Yanzu tana karɓar haihuwa a asibitin unguwa, matan da suka girme ta na ce mata Malama. Sabis ya dawo bayan wani lokaci. Ta ce za ta share na makaranta ta dawo da Gida ciki, yau da gobe ba ta yi ba. Sai daminar bara rufin ɗaki ya yi yoyo daidai kan kwamfutar, ta mutu murus. Malam Sanusi ya buɗe cikinta ya girgiza kai. Duk abin da muka sha wuyar saukowa ya tafi. Abin da aka tura can kuwa, Ramatu ta taɓa wayarta sai ga shi. Rumbun tsakiya na gaske ma an ce mana an ƙone shi tuni. To wanda ke ciki ya ɓata, wanda ba ya ciki yana nan. In Baffa na da rai da na tambaye shi, watakila shi ya gane.

Yau Juma'a. An sauko daga masallaci cikin ruwa, maza na tsallake kwata da takalma a hannu. Rubuta kawai, Ramatu, ban ce ki dube ni ba. Ɗazu na ce mata ta taɓa mini rumbun nan. Zoben ya fito.

"Sabis ba ƙarfi, Kaka, hadari ne. Mu bari sai anjima."

Na ce ta bar shi ya juya, na taɓa jiran gulbi.

Ya juya, ya juya, ruwa na zuba daga indararo, ƙamshin tafasar maƙwabta bai gama fita daga tsakar gida ba. Sai ga shi tsaye jikin rumbun, hula a karkace, laka a gwiwar hannu, yana dariya.

"Riƙe wayar daidai mana," ya ce.

Na kalla har ya ƙare. Sannan na ce wa Ramatu yaɓen rumbun nan bai yi kyau ba, ta sake sa shi in duba.